Baƙo a Gidan Giwa

Sunan da ake kiran unguwanninmu da shi a nan Gana yana da tarihin da ba mu cika tsayawa mu duba ba. Zango, ko Zongo yadda bakin mutanen ƙasar ya mai da shi, asalinsa wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana ne, in gari ya waye a ɗaura wa jakuna mangala a yi gaba. Nima zango ce, Mamobi zango ce, haka Sabon Zangon Malam Baƙo. Mu jikokin masu kwana a dawa ne, sai dai namu ayarin ya sauke kaya bai sake ɗaurawa ba.

Shi ya sa nake jin wani iri duk lokacin da aka ambaci masu zuwa dawa su kafa tanti don kallon namun daji, sai a bushe da dariya. A majalisar masu shan shayi amsar ɗaya ce: ƙoshi ne ya yi musu yawa. Wani dattijo ya taɓa bugo waya a shirina na rediyo ya ce, "Ɗana, wanda ya biya kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule don ɗaki ɗaya, su bakwai a ciki, shi za ka ce wa ya je ya biya kuɗi ya kwanta a ƙasa? Ai mu kullum a tanti muke." Na ce masa, "Baba, maganarka dutse." Har yanzu ban janye ba. Amma maganarsa ta bar min tambaya biyu. Mutum ya yi tafiya mai nisa don ya kalli dabbar da ba zai ci ba, ba zai hau ba, ba zai sayar ba, akwai wani alheri a cikin wannan, ko wasan masu hali ne kawai? In kuwa akwai alherin, wa ke biyan kuɗinsa na gaskiya?

Fataken Gwanja da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga sayen goro sukan shafe watanni a hanya. Su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su biyo ta Sansanin Mango da Yendi, ɗauke da kanwa da fatu da tufafi. Madugu ne ke da ayari, jagaba ke gaba yana duba hanya da inda za a sauka. In an sauka, a yi bukkoki da ganye, a kewaye dabbobi da ƙaya, a hura wuta saboda kura da zaki. Waɗannan mutane sun san dawa sanin da babu ɗan yawon buɗe idon da zai taɓa yi masa, don ransu ya dogara a kan sanin. Sun san sawun ɓauna, sun san kukan tsuntsun da ke nuna akwai ruwa kusa.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsu shi ne ladabin sauka. Ba a yada zango a ƙasar mutane sai an gai da sarkin wurin, an ba da abin da ake bayarwa. A bakin kogi a biya kuɗin fito. Ba a ɓata rijiya, don wani ayarin na tafe a baya, kai ma kuma ta nan za ka komo. Bafatake ya san shi baƙo ne, ya kuma san cewa baƙon da ya manta da baƙuncinsa hanyarsa ce ke toshewa. Wannan ladabi ne ma'aunin da nake so in auna mai kallon namun daji da shi.

A kan tambaya ta farko ina tare da masu kallo, kuma dalilina daga cikin Nima na samo shi. Duba yadda muke kallon dabba a nan. Rago in ya shigo unguwa gabanin Layya, hannu ke fara kai masa kafin ido: a taɓa gadon baya, a ɗaga wutsiya, a buɗe baki a duba haƙora. A turakun Ashaiman haka ake yi wa shanu. Kaza a kasuwar Laraba sai an ɗaga ta an ji nauyinta. Babu laifi ko kaɗan a cikin wannan, sana'a ce kuma abinci ne. Sai dai idon da ya saba da tambayar "nawa?" yakan wayi gari bai iya wata tambayar ba, har ya fara yi wa mutane irin wannan kallo: wannan zai amfane ni, wancan ba shi da komai. Kowa a cikinmu ya san yadda gaisuwa ke canza nauyi gwargwadon motar da mutum ya fito daga ciki.

Gandun dajin Mole, can arewa kusa da Damongo da Larabanga, shi ne mafi girma a Gana, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. Daga Akra yini guda ne cur a mota, ta Kumasi da Techiman da Kintampo. Da rani, lokacin da ruwa ya janye, dabbobi kan taru a tafkunan da ke ƙarƙashin tudun da masauki yake. Da sassafe ake fita da ƙafa, ma'aikacin gandu na gaba da bindiga a kafaɗa. Za ka ga mariya da gwambaza da mugun dawa da gwaggon biri, in kana da rabo ka ga gwanki ko ɓauna. Zaki kam an daɗe ba a tabbatar da ganinsa ba. Sai kuma giwa.

Na tsaya a gaban giwa a Mole sau ɗaya, kuma abin da ya zauna min a rai shi ne ko oho ba ta yi da ni ba. Ba ta san gidan rediyon da nake aiki ba, ba ta jiran in ba ta abinci, ba ta tsorona. Tana ɓalle reshe, tana kaɗa kunne, tana watsa wa bayanta ƙasa, kamar yadda take yi tun kafin in zo, kamar yadda za ta ci gaba bayan na tafi. Ba ni da abin da zan yi da ita illa in kalla. Mu masu aikin rediyo shiru laifi ne a wurinmu, daƙiƙa biyar ba magana sai a leƙo a ce me ya faru. A dawa kuwa shirun ne kuɗin shiga na gaskiya, wanda bai iya riƙe bakinsa ba ƙurar dabba kawai zai gani. Mutumin da ya yi awa biyu yana kallon halittar da ba ta buƙatarsa ya ɗanɗani wani irin ƙanƙan da kai da wa'azi kaɗai ba ya bayarwa. Kuma bai kamata wannan ya zama baƙon abu ga Musulmi ba, wanda littafinsa ke da surori masu sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa, wanda kuma in ya shiga haramin Makka farauta ta haramta gare shi ko da naman ya zo gabansa. Wurin da ake barin dabba ta sake, mun san shi tun kafin Bature ya zo da nasa gandun.

Tambaya ta biyu ce mai nauyi, kuma ita ce masu tallar yawon buɗe ido ba sa son a daɗe a kanta.

Muna cewa "dawa" kamar wurin da ba kowa. Amma da wuya ka sami dajin da ba a taɓa zama a cikinsa ba. Yankin Mole ya yi ƙarancin mutane ne saboda ƙudan tsando, da kuma yaƙe-yaƙe da hare-haren kamun bayi na ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Samori da Babatu. Mu mutanen zango bai kamata mu yi saurin wuce wannan magana ba, don kasuwar Salaga da kakanninmu suka yi arziki a cikinta ba goro kaɗai ake sayarwa ba. Zamanin mulkin mallaka an ma taɓa bin namun dajin yankin ana harbewa da sunan yaƙi da tsando. A 1958 aka keɓe wurin don dabbobi, a 1971 ya zama gandun ƙasa, ƙauyukan da suka rage a ciki kuma aka tashe su. Kaburburan kakanninsu da wuraren ibadarsu na gargajiya suna can ciki, inda yau sai da takardar shiga ake zuwa.

Ba ma sai an je arewa ba. Duwatsun Shai, tafiyar awa guda da ɗan kai daga Akra a kan hanyar Akosombo, wuri ne da ake kai 'yan makaranta kallon gwaggon biri da mariya, ana kuma kwana a tanti. A kan waɗannan duwatsu mutanen Shai suke zaune har 1892, shekarar da sojojin Ingila suka kore su ƙasa. Har yau akwai kufansu a kogunan dutsen, da ɓaraguzan tukwane. A wannan shekara ta 1892 ɗin dai yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, 'yan kasuwarta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da bakin teku, zanguna da yawa suka cika. Su an sauko da su daga dutse, namu an watso su daga kasuwa. Ga kuma 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, gidaje da yawa a Nima suka wayi gari ba masu su. In akwai mutanen da ya kamata su ji zafin kalmar "ku tashi" a jikinsu, mu ne.

Wannan tarihi ne, ana iya cewa ya wuce. Wanda bai wuce ba shi ne manomin da gonarsa ke bakin gandu. Giwa ba ta san iyakar da aka zana a taswira ba. Garke ɗaya in ya shiga gonar masara ko rogo ko doya, kafin asuba aikin damina guda ya tafi. Manomin ba shi da izinin harbi, kuma daidai ne a hana shi, in ba haka ba giwayen da suka rage ba za su kai jikokinmu ba. Sai ya kwana a gona yana buga gwangwani, yana hura wuta, yana shafa barkono da baƙin mai a tsumma yana ratayewa a igiya ko warin zai kore su. Ka ga shi ma yana kwana a dawa yana jiran giwa, irin na ɗan yawon buɗe ido sak, sai dai shi addu'arsa kada ta zo. Natsuwar da na samu a gaban giwar nan, wani ɓangare na kuɗinta shi ya biya, da hatsin 'ya'yansa, kuma ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda.

A nan ne labarin wasu mutane masu nisa da mu ya taimake ni tunani. A Kudancin Amurka akwai tsaunukan Andis, inda masu son dawa daga ko'ina a duniya ke zuwa su yi kwanaki suna tafiya da ƙafa. A ƙasar Peru akwai hanyoyin da ake kafa tanti a tudun da ya haura mita 4,000. Don a gane nisan wannan, Afadjato da muke hawa muna haki bai kai mita 900 ba. A can iska ba ta ƙosar da huhu, kai na sarawa, ruwa na daskarewa da dare. Abin da ke kai su har da wata babbar ungulu mai suna kwando, wadda faɗin fikafikanta ke kai mita uku, da wata 'yar dabba dangin raƙumi mai suna bikunya, ba ta da tozo, siririya kamar barewa, gashinta na cikin mafi laushi da tsada a duniya. Hotonta na kan tambarin ƙasar.

Zamanin daular Inka ba a kashe bikunya barkatai. Akan tara jama'a su yi wa garke zobe, a kora shi cikin shinge, a aske gashin, a sake shi. Da Turawan Sifaniya suka zo da bindiga sai aka koma harbewa a feɗe, har zuwa shekarun 1960 ya zamana 'yan dubbai suka rage. A 1967 Peru ta keɓe musu wuri a Pampa Galeras, aka hana farauta da cinikin gashin. Amma abin da ya ƙara ɗaure maganar shi ne lokacin da aka dawo da tsohuwar al'adar kora da aski, aka ba ƙauyukan da ke zaune tare da dabbar ikon sayar da gashinta. Wanda jiya yake ganin bikunya tana cinye wa tumakinsa ciyawa, yau ya ga ranta ya fi masa gawarta amfani, don mai rai ana sake aske ta bayan shekara biyu ko uku. Yanzu ana ƙirga su da dubban ɗaruruwa. A wasu hanyoyin tsaunin kuma, kamar na Waiwash, ƙauyukan ne ke karɓar kuɗi daga duk wanda zai ratsa ƙasarsu ko ya kwana a ciki, mutanensu ne kuma ke kora jakunan da ke ɗaukar kayan matafiya. Da na karanta wannan sai da na yi murmushi: ayari, jakuna, jagaba, kuɗin fito. Madugun Kano da zai sauka a can ba zai tambayi kowa yadda ake yi ba.

Kada dai a ɗauka can aljanna ce. Rigar gashin bikunya a shagunan Turai dubban daloli ce, wanda ya bi dabbar a guje a cikin sanyin tsauni kuwa abin da ke isa hannunsa kaɗan ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, a can ma haka take. Duk da haka hanyar ta nuna kanta: dabba ba ta tsira sai maƙwabcinta na da rabo a cikin ranta.

Muna da irin wannan a gida, ko da yake bai yi yawa ba. A Wechiau, a bakin Baƙar Bolta, sarakunan yankin ne da kansu suka keɓe wani sashe na kogin don dorina a ƙarshen shekarun 1990. Mutanen gari ke tuƙa kwalekwale, su ke yi wa baƙi jagora, baƙo na iya kwana a kan dakalin katako a bakin ruwa yana jin gurnanin dorina cikin dare, kuɗin kuma na komawa ga rijiyoyin burtsatse da makaranta. A Mognori, ƙauyen da ke gefen Mole, mutanen gari kan kai baƙi yawon kwalekwale su kuma sauke su a gidajensu. Hukumar kula da namun daji tana da tsarin da take ba al'ummomin bakin gandu ikon kula da albarkatun ƙasarsu. Ba na cewa waɗannan sun biya manomin da giwa ta cinye wa gona. Ba su biya ba tukuna. Amma wanda ya je Mole ya kwana, ya ci, ya sha a cikin masauki, ya ɗauki hoto ya juyo bai sayi ko ƙullin man kaɗanya a ƙauyen bakin hanya ba, bai ɗauki jagora ɗan wurin ba, bai ma san sunan ƙabilar da ya ratsa ƙasarta ba, wannan a ma'aunin fatake ya sha ruwan rijiya bai gai da mai gari ba. Takardar shiga da ya saya ta gwamnati ce, gaisuwar na nan a wuyansa.

Akwai kuma haƙƙin ɗaya mai gidan, wato dabbar. A nan mu kan yi ɓarna ne da kyakkyawar niyya. Mun tashi a kan cewa ba a ci a gaban mai rai a hana shi, sai ka ga an tsayar da mota a bakin Shai ana jefa wa gwaggon biri ayaba da biskit. Sakamakon yana nan a kan titi: birai sun bar kiwo sun koma bara, suna tsallaka kwalta a gaban manyan motoci, suna fizge leda daga hannun yara. Kyautar da ta mai da mai gida almajiri a ƙofar gidansa ba kyauta ba ce. Haka mai matsa wa giwa don hoto ya fito da kyau, haka mai kunna waƙa a tanti da dare, haka mai jefar da ledar ruwa inda mariya ke kiwo. Mu da ke zaune a bakin babbar magudanar Nima da Mamobi mun san inda leda ke ƙarewa, ba sai an faɗa mana ba.

Saura maganar dattijon nan, cewa talaka ba shi da kuɗin wannan kallo. Kuɗin Mole kam gaskiyarsa. Amma namun daji ba su yi mana nisan da muke zato ba, idonmu ne ya daina ganinsu. Waɗanda suka girme ni suna ba da labarin yadda ungulu ke cika mahauta da kan rufin kasuwa, yau sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba, kuma tun 2015 aka sa irin wannan ungulu cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Ta ɓace a kan idonmu ba wanda ya yi cigiya.

Wanda bai ɓace ba yana nan a itatuwan da ke kewaye da asibitin sojoji na 37, tafiyar ƙafa daga Mamobi. Dubun-dubatar jemagu ne ke rataye a rassan, masu launin kara, masu cin 'ya'yan itace. Duk wanda ya taɓa jiran trotro a tashar ya ji kukansu, da yawa kuma sun sha zaginsu saboda kashin da suke yi wa mutane a riga. Gab da magariba sukan tashi gaba ɗaya, sama ta yi duhu da su, su yi tafiyar kilomitoci masu yawa neman abinci, suna yar da iri a duk inda suka bi, itatuwa na tsirowa a bayansu. Kafin asuba sun dawo. Akwai masu binciken da ke tasowa daga Turai musamman don su, mu kuwa muna wucewa ta ƙarƙashinsu da hannu a ka. Mai son gani ya je da hula, ya tsaya gefe, kada ya yi jifa don su tashi ya samu hoto, lokacinsu na yi za su tashi da kansu. Ya kuma je da rani, don a lokacin suka fi yawa. Ruwa na fara sauka yawancinsu kan kama hanyar arewa, sai wata shekara, kamar 'yan ci-rani.